Minti Goma Sha Tara

Mun baro Incheon da tan casa'in a ciki:
wayoyi, tayoyi, magani, rigunan sanyi,
da wani ƙunshi a layi na bakwai
wanda takardarsa ta ce kayan wasan yara ne.
Ni ce na sa hannu. Na karanta, na sa hannu.

Teku a ƙasa baƙi ƙirin, ba tsibiri, ba fitila.
Wendell na ɓare lemo da wuƙar aljihu,
yana ba ni labarin rufin garejinsa mai yoyo,
sai ƙararrawa.

Jan rubutu: wuta a ɗakin kaya.
Lemon ya gangara ƙarƙashin kujera,
ba mu sake ganinsa ba.

Takunkumin iska tukuna, kafin tambaya, kafin tsoro.
Haka aka koya mana a ɗakin gwaji a Anchorage,
inda hayaƙin na ƙarya ne, mai ƙamshin alewa,
inda malami kan danna maɓalli ya ce, "A sake."
Nan babu a sake.

Muryata cikin roba ta zama ta wata.
Ina karanta matakai, yana amsawa.
Kashe fanka. An kashe.
Saki iskar jirgi, a bar wutar da yunwa. An saki.
Muka tsaya a ƙafa dubu ashirin da biyar,
inda iska ba ta da kauri, harshen wuta kan gajarce.
Amma batir ba ya roƙon iska wurin kowa,
da guzurinsa yake tafe,
maƙwabci ya kunna maƙwabci.

An ce hayaƙi fid da na kogo.
To ina na kogo zai fita
in kogon na gudu bisa teku da tsakar dare?

Ta ƙasan ƙofa ya fara shigowa, fari, a hankali,
sannan ruwan toka,
sannan na nemi hannuna na rasa.
Allon da na sani kamar fuskar 'yata,
korayen lambobin tsayi da gudu da alƙibla,
duk ya nutse.
Na jawo jakar gani, ta kumbura
tsakanin idona da gilashi,
'yar kafa, kamar leƙe ta ramin makulli.
Ta nan na tuƙa. Ta nan kaɗai.

"Cold Bay, mil ɗari da goma," in ji wata a rediyo.
Har yau ban san sunanta ba.
Ba ta ce mu kwantar da hankali ba, na gode mata.
Lambobi kawai take miƙo mana, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai jera wa makaho duwatsun tsallake rafi.

Ƙasa ta fara ɗumi ta cikin takalmina.
Wendell ya ce, "Ba zagaye. Sau ɗaya za mu gwada."
Nauyinmu ya wuce ƙa'ida, fukafukai cike da mai,
sitiyari ya yi taurin kai a hannuna.
Wani abu da nake bukata
yana narkewa a baya.

Fitilun titi: biyu, shida, sannan duka.
Tayoyi suka daki ƙasa, uku suka fashe.
Muka sulalo ta ƙofar rufi a kan igiya,
tafina ya bar mata fata.

Wani ɗan kwana-kwana, Dushkin a rubuce a ƙirjinsa,
ya yafa mini bargo, ya ce in zauna.
Ban zauna ba.
Na tsaya cikin iskar ƙanƙara
ina kallon bayan jirgin yana ja daga ciki
kamar kasko a kan garwashi.

Minti goma sha tara, in ji masu bincike.

Wendell ya gyara rufin garejin, ya bar tuƙi.
Ni ina nan.
Sai dai yanzu, kafin in sa hannu,
nakan bi layi-layi da tocila,
masu lodi na duban agogo,
in ɗora tafina mai tabo a kan kowane ƙunshi
in ji ko akwai mai zazzaɓi.