Kiɗan Masu Takalmin Taya

A bayan filin wasa na Ƙofar Mata
akwai daɓen siminti da ya tsage gida uku.
Nan na koyi faɗuwa.

Da farko babu kiɗa,
sai ƙarar taya, ƙurrr, kamar ana markaɗe a unguwar gaba.
Sai Ɗanliti, yaron mahauta,
ya zo da kalangu wata Juma'a bayan la'asar.
In ya matse hammata, mu ƙara wuta;
in ya saki, mu zame kamar man shanu a kasko.

Shekara biyu, Sabitu ya dawo daga Ikko
da rakoda mai baki biyu.
Muka yi karo-karo na batir shida.
Idan batir ya yi sanyi
mawaƙin ya ja murya kamar mai masassara,
mu ma mu ja ƙafa, muna dariya.
Kaset ya harɗe, biro ya warware shi.
Ɗanliti ya koma bakin tukuba, bai ce uffan ba.

Faifai ya zo yana ƙyalli,
yana tsallake baiti duk sanda wani ya faɗi kusa.

Jiya na bi ta wajen cikin adaidaita sahu.
Yara goma sha, har da 'yan mata biyu,
kowa da abu toshe a kunne,
kowa na rausaya da kiɗan da ɗan'uwansa bai ji ba.
Na ce direba ya tsaya.
Tabon gwiwata ya yi ƙaiƙayi.
Babu abin da ke tashi sai ƙurrr,
irin na ranar farko.