Gidan da Babu Kwandon Shara

Kwale-kwalen Pappachan ya sauke ni da la'asar
a matakalar kakata Kalyani,
can Kuttanad, inda gonar shinkafa
ta fi kogi yin ƙasa,
inda ruwa ne titi, ruwa ne maƙwabci.
A hannuna robar ruwan da na shanye a mota,
fanko, ba nauyi,
ina neman wurin jefarwa.

Na duba bayan ƙofa. Na leƙa madafa.
"Kaka, ina kwandon shara?"
Ta ɗago daga kwakwar da take kankarewa
ta dube ni, sai ka ce na tambayi
ɗakin da take ɗaure giwa.

Kwana shida ina bin sawun abubuwa,
ni da aikina lissafi ne a Kochi,
na saba duk abin da ya shigo ya bar saura.
A nan kwakwa ba ta mutuwa lokaci guda.
Ruwan nawa ne, tsokar ta miya,
ƙoƙon ya zama ludayi,
ɓawon ya kwana a kogi wata da watanni
har ya saduda, ta murza igiya a tafin hannu.
Wanda ya ƙi murzuwa ya shiga murhu,
tokarsa ta wanke tukunya,
ruwan wankin ya bi 'yar kwata
ya tarar da gindin ayaba na jira.
Ayabar ta ba mu ganyen da muka ci tuwo a kai,
saniya ta zo ta cinye kwanon.
Na ja layi a ƙasan shafi,
na rasa abin rubutawa.

Kada in yi ƙarya, ba daula ba ce.
Hayaƙi ya ci mata rabin ido,
gwiwarta na kuka kafin ta miƙe,
sauro kuma bai san girman kowa ba.
Ƙwan fitila ɗaya ne, da faifan sola
da kawuna ya kafa tana ta mita.
Yanzu kullum safiya sai ta goge shi
da ƙyallen tsohon zanenta,
a hankali, kamar fuskar jinjiri.

Daren Laraba sama ta ɓalle.
Da asuba kogin ya hau matakala uku
ya kawo tsarabar birni:
leda, warin silifas,
robobi sun fi talatin
suna tunkuɗar juna kamar awaki a bakin kwami.
Ta ɗauko doguwar sandar gora
tana tsamo su ɗaya bayan ɗaya, tana cusawa a buhu,
ba zagi, ba wa'azi.
"Waɗannan marayu ne," in ji ta.
"Duk abin da ka miƙa wa ƙasa tana karɓa.
Su kaɗai take dawo da su."
Na ɗaga guda na duba.
Irin tawa ce, har tambarin.
Na karɓi sandar ba tare da ta miƙo ba.

Ran tafiya ta gasa ganye a bakin wuta
don ya yi laushi,
ta naɗe min shinkafa da soyayyen kifi,
ta ɗaure da zaren ayaba.
Pappachan ya loda buhun, zai kai wa masu saye,
a kansa na zauna har gaɓa,
yana ƙara a ƙarƙashina duk hanya.

Robata ta biyo ni gida.
Wata huɗu ke nan ina cika ta a famfo,
ta lotsa, ta dushe, tana nan.

Amma daren da na iso,
a bene hawa na tara,
na kwance ƙunshin, na cinye tas,
na miƙe da ganyen a hannu.
Ga kwando har uku a jere.
Na tsaya tsakar ɗaki
ina neman saniya.