Kuɗin Gani

Na bar Montevideo da ƙarfe huɗu na yamma,
kujerar bayan direba,
albashin wata biyu a cikin safar ƙafar hagu.
Na ce wa Nélida zan je duba injin wani jirgin ruwa.
Ta dube ni, ta sa mini burodi a jaka,
ba ta ce uffan ba.

Punta del Este a lokacin sanyi
gari ne da attajirai suka kulle suka tafi da makullin.
Teku kaɗai ke surutu.
Gidan cacar kuwa ba taga, ba agogo,
sai darduma mai haɗiye takun mutum.

Tebur na uku. Foka. Mu bakwai.
Na miƙa takardun kuɗi, aka turo mini 'yan faya-fayan roba,
ja da baƙi, shafal,
don ka manta gumin da ya haife su.

Wilmar ke raba karta,
yatsunsa kamar na mai tsintar shinkafa.
Mai rabawa dai ba shi ke ba da rabo ba.
A damata Atilio, dillalin shanu:
kartarsa ta yi kyau, ya yi dariya,
ta ɓaci, ya yi dariya,
sai dai kunnensa kan yi ja.
Awa biyu na yi ina karatun kunnen nan,
kuma shi ya biya kuɗin makarantar.

Tsibina ya tasa.
Na fara jin kujerar ta yi mini kaɗan.

Sai ga tsohuwar da ban lissafa ba.
Ofelia. Rigar sanyi mai ɓataccen maɓalli,
jaka a cinya, hannu biyu a kanta,
kamar mai jiran layin asibiti.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Na tambayi tata har sau uku,
fuskar ta ce ba kowa a gida.

Wajen ƙarfe uku na dare
na ɗaga gefen kartata: sarki, da wani sarkin.
Zuciyata ta buga har na ji tsoron Atilio zai ji.
Aka buɗe tara, huɗu, tara.
Na zuba, ta bi.
Aka buɗe biyu. Na ƙara, ta bi,
ko ƙifta ido babu.
Aka buɗe ta ƙarshe, bakwai, ba ta kowa ba,
sai ta sa tafin hannu ta turo duk abin da ke gabanta,
a hankali,
yadda ake tura wa baƙo kwanon abinci.

Na ƙirga. Kuɗin haya na ciki.
Haƙorin Nélida da za a cike na ciki.
Sarakunan nan biyu suka zuba mini ido,
sarakunan takarda, ba dakaru, ba ƙasa.
Da muguwar rawa, na ce a raina.
Na kife su.

Ta tura kartarta a rufe.
Wilmar ya cusa ta cikin sauran,
gaskiyar ta nutse kamar sifana a teku.

Da asuba na tashi da abin da na zo da shi,
har da ɗan ƙari, kuɗin mota da na kifi.
A tasha iska na yankan kunne,
ga Ofelia a benci, tana zuƙar shayin mate a ɗan ƙoƙo.
Ta cika, ta miƙo mini.
Ɗaci, zafi, na shanye.
Na ce, Baba, don girman Allah,
akwai tara a hannunki?

Ta karɓi ƙoƙonta, ta goge bakin tsinken da gefen riga.
Ta ce, ɗana, gani na kuɗi ne,
kai kuwa ba ka biya ba.

Motarta ta zo kafin tawa.

A gida Nélida na shanya.
Ba ta juyo ba ta ce, injin ya gyaru?
Na ce, na saurare shi dare guda,
amma ban buɗe shi ba.