Bayan Allo

Ranar da na fara koyarwa a rumfar kwano,
gefen layin dogo, a Agege,
na zo da alli, da takalmi mai sheƙi,
da tambayar da na haddato daga makaranta:
"Me unguwarku ta rasa?"

Ashe kowa ya sauke wannan karatu tun yana goye.
Babu famfo. Babu asibiti.
Kwata ta toshe damina uku ke nan.
Wuta sai ta leƙo ta koma, kamar mai bin bashi ta ga ba kowa.
Gadar katako ta karya ƙafar yaro a watan jiya.
Allo ya cika da babu, babu ta gangaro har bango.
Na juyo ina jin daɗi darasi ya kama,
sai na ga kafaɗu goma sha tara sun zube
kamar an raba gado
ba a kira sunan kowa ba.

Jirgi ya wuce, kwano ya yi rawa.
Da ƙara ta lafa, murya ta shigo ta taga,
ta Gwaggo Tabawa mai wake da shinkafa,
wadda ba ta cikin rajista, ludayi a hannu:
"Malam, ka gama ƙirga hujin kwando?
Ka tambayi abin da yake ɗauka?
Shekara talatin muna cikin babun nan taka.
Da me kake zaton muka rayu?"

Na rasa ta cewa. Na juya allon.
Bayansa baƙi wuluk, alli bai taɓa shi ba.

Washegari ban yi darasi ba.
Na ce su fita, gida gida, shago shago,
kada wanda ya tambayi ciwo.
Ku ce: me ka iya? Wa ya koya maka?

La'asar sakaliya suka dawo da taɓo har idon sawu,
suna katse juna.
Ashe Ilu mai kurar ruwa ya san kowane gangare,
ƙafarsa ta auna lungun da taswira ba ta sani ba,
ya san inda ruwa ke son bi in an ba shi hanya.
Ashe Baba Rasaki, da muke kai wa murhu ya liƙe,
shekara goma sha biyu ya yi a Apapa yana ɗinke cikin jirgin ruwa.
Adashin matan layin mahauta
yana littafin Nkiru mai kemis,
shekara tara kwabo bai yi ciwon kai ba.
Samarin bakin gada da muke kira zauna-gari-banza
shebur shida gare su,
su ke haƙa kabari in an yi rashi, ba sa karɓar ko sisi.
Ga Saratu, 'yar sha huɗu,
mai juya Hausa Yarbanci, ta juya Yarbanci Hausa
har faɗa ya zama dariya.

Ruwa na ƙasa.
Mu ne muka daɗe muna kallon sama.

Ba zan ce an gama lafiya ba.
An yi rigima kan kuɗin siminti,
Rasaki ya yi fushi ya tafi, kwana huɗu sai da Gwaggo ta bi shi.
Amma wata Asabar kwata ta yi tari, ta yi gyatsa, ta tafi,
gadar ƙarfe kuma, karkatacciya kaɗan,
ta ɗauki babur da buhu biyu na albasa.

Famfo har yau bai zo ba.
Mun rubuta wa ƙaramar hukuma, za mu sake rubutawa,
haƙƙinmu ne, ba mu yafe ba.
Sai dai wasiƙar ta sauya kai:
da "muna da" take farawa.

Gobe sabon aji.
Takalmina ya daina sheƙi.
Gwaggo tana bi na kuɗin kwano uku,
ta ce na darasi kuwa, sai na yi arziki.