Hamsin da Huɗu

Keken Yaya Tukur na kai Dilimi.
Ban hau ba, tura shi na yi,
don tsatsona ya yi yaji tun ran Lahadi
da na gangaro daga Lamingo
hannuwa a miƙe, wuya a sage,
kamar mai jan guga daga rijiyar maƙwabta.

Baba Dalyop bai dubi keken ba.
Ni ya duba,
daga ƙeya har dunduniya, a hankali,
yadda mahauci ke kimanta sa.
Ya ce, “Tuɓe takalmi. Jingina da bango.”

Ya aiki yaro aron tef wurin tela,
ya miƙo mini tsohon littafin rasit
in matse tsakanin cinyoyi,
sama, sama dai, har inda sirdi zai tsaya.
Masu tura baro suka dakata suna kallo.
Kunya ta kama ni. Shi ko ya ja layi da alli.
Daga siminti zuwa layin,
tamanin da ɗaya.

Ya tsuguna, ya yi lissafi da ƙusa a ƙasa,
ya kasa uku, ya ɗauki biyu.
“Hamsin da huɗu ne naka.
Wannan da ka turo hamsin da takwas ne.”
Na ce, “Huɗu kacal?”
Ya ce, “Sa takalmin da ya fi ka da yatsa huɗu,
ka taka zuwa Bukuru ka dawo,
sannan ka zo ka ce mini kacal.”

Ya sa na ware hannuwa kamar shirwa,
ya auna daga yatsa zuwa yatsa:
faɗin bai kamo tsayina ba.
“Ƙafar zalɓe gare ka, ɗana.
An cika maka mudu a ƙasa, an shafe a sama.
Irinku, in lamba biyu ta yi gardama,
ƙaramar ake bi.
Sirdi ya ɗagu, kai ya matso.
Riga ce in ta yi yawa a rage,
firam ba ya shiga keken ɗinki.”

Sai ya kama gwiwar hannuna
ya ɗora a hancin sirdin Yaya,
ya ce in miƙa yatsu in taɓo kai.
Na miƙa.
Saura kusan taƙi guda, iska ce kawai.

Na daɗe ina kallon wannan ratar.
Yaya sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna.
Ga can inda tafinsa ya cinye ledar ƙahon,
wuri biyu, sun yi sumul, sun yi baƙi.
Shekara biyu ke nan da muka kai shi,
shekara biyu ina miƙa hannu
in kai inda nasa ya tsaya.
Baba Dalyop ya shiga neman wata sifana
da ke cikin aljihunsa.

Daga baya ya sauko da wani shuɗi, na gwanjo,
fenti ya ɗaye a gefe.
Na tsaya a kansa, ƙafa biyu a ƙasa,
yatsu biyu suka wuce tsakanina da ƙarfen.
Dunduniya a kan feda, ƙafa ta miƙe sak.
Na kama ƙahon, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe,
kafaɗuna suka sauko daga kunnuwana
kamar baƙin da aka ce musu su zauna.

Na bi hanyar Rayfield da la’asar.
Ba abin da ya yi mini magana:
ba wuya, ba gwiwa, ba tsatso.
Sai sarƙa tana ƙirga numfashina.

Ya taya na Yayan, taye mai kyau. Na ƙi.
Yana rataye a zaure, na sassauta iskar tayoyin.
Ɗansa Sagir yana shekara sha biyu,
silifas ɗina sun riga sun yi masa kaɗan.
Na sayi alli.
Kowace Sallah sai in ce masa,
“Tuɓe takalmi. Jingina da bango.”