Tsintsiyar Tsallakawa

Shekara arba'in ina ɗaure tsintsiya a Garwa,
bakin kasuwa, ƙarƙashin dalbejiya,
ba wanda ya taɓa cewa in yi mata kwalliya.
A taya, a nemi ragi, a kai ta bayan ƙyaure,
can take kwana da yanar gizo da gashin kaza.

Sai ga Nafi'u, jikana, ya dawo daga Amurka
da yarinya baƙa wuluk irina, mai dogon wuya.
Renita sunanta; bakina ya ce Ranita, ta amsa.
Ta durƙusa gaban hajata tana shafa tsinke,
ta yi magana, ya juya mini:
"Kaka, tsintsiya take so. Za mu tsallaka ranar aure."

Na ce a'uzubillahi!
Mu nan ko budurwa ba a duka da ita,
kar ta tsufa a ɗakin uwarta.
Ba a shara bayan magariba, arziki ake kora.
Wa ya taɓa ƙetare ta da gangan, da lalle a ƙafa?

Ta zauna a tabarmata ta kawo labari,
shi yana tafinta, muryarsa na sarƙewa:
kakannin kakanninta da aka haye teku da su a ɗaure,
ba waliyyi, ba goro, ba sadaki,
ba mai shafa musu fatiha.
Wanda ya mallake su ya ce bawa ba ya aure.
Sai su jira dare, bayan bukka,
su shimfiɗa abin da aka bar musu a hannu,
su riƙe juna, su yi tsalle ɗaya.
Shi ke nan, an ɗaura.

Ban ce uffan ba. Na tashi na hura wuta
don hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Washegari na gangara bakin Binuwai da lauje,
gwiwa na ƙara, masunta na yi mini tsiya.
Na tsinci ciyawar da ambaliya ba ta kwantar ba.
Kwana uku tana shan rana a kan kwano.
Na naɗe ƙugunta da jar fatar dukawan Marwa,
wuri bakwai daga tsohon lefen uwata,
zare shuɗi, zare fari,
da ƙwayar jigida guda
da ta tsinke mini tun ina amarya.

Dudu ta leƙo ta katanga:
"Wannan kuma sharar gidan wa za ta yi?"
Na ce hanyar dawowa gida za ta share.

Ranar, da liman ya gama, goro ya zaga, maza suka watse,
muka kwantar da ita a tsakar gida.
Ranita ta tuɓe takalmi.
Suka ƙirga da harshensu, na ƙirga da nawa.
Babbar rigarsa ta cika da iska,
ƙafarta ta dira, ƙasa ta karɓa,
guɗa ta kuɓuce mini ban shirya ba.

Ta miƙo jaka goma. Na mayar mata a tafi, na dunƙule.
Wai bango za ta rataye ta, can ƙasarsu.
Na ce Nafi'u, faɗa mata:
ko sau ɗaya a shekara ta sauke ta, ta share ƙofar ɗaki.
Tsintsiyar da ta manta ƙasa,
maɗaurinta ne kan fara saki.