Harsashi Mai Jinkirin Magana

A ƙasan adakar Baba, ƙarƙashin bargon soja,
na same ta naɗe cikin tsumma mai warin man keke:
libarba, baƙa, ta girme ni nesa,
mariƙinta ya sha gumi har ya yi santsi.
Kusa da ita gwangwanin madara.
Na girgiza, ya amsa kamar caki.
Harsasai goma sha ɗaya,
tagullarsu ta yi kore kamar bakin tsohuwar rijiya.

Kofur Ajiya bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba.
Ya dawo Dass da ɗingishi da rediyo,
ya noma masara shekara arba'in.
In hira ta karkata Kudu,
sai ya tuna bai ɗaure akuya ba.

Ran kasuwa na kai wa Jatau maƙeri.
Ya saki zugazugi, ya goge hannu a cinya,
ya ɗaga guda ɗaya a rana yana duba gindinsa
kamar mai duba haƙorin sa kafin ciniki.
Ya ce, "Rarar bariki ce wannan,
tun ba a yi zancen haihuwarka ba.
Tsohon harsashi, yaro, ba a rantsuwa a kansa.
Wani ya mutu a kwansonsa, ko roƙo ba ya tashe shi.
Wani ya tsage, ya tafi da rabonsa."
Ya buɗe tafin dama. Na ƙirga huɗu.
"Amma wanda nake tsoro
shi ne za ka ja kunama, ya yi gum,
ka ce ya mutu, ka juyo bakin ka leƙa,
ashe tunani yake yi.
In ta yi shiru, kada ka yarda da shirun.
Miƙe hannu, ƙirga talatin."

Da la'asar sakaliya na je gindin Mbula,
na zaɓi wani suri da babu kowa bayansa.
Na ja.
Ƙas.
Ko tsuntsu bai motsa ba.

Ɗaya.
Biyu.
Hannuna ya fara nauyi.
Uku, sai ga ɗakin asibitin Bauchi,
fanka tana juyi ba iska,
Baba ya damƙi wuyan hannuna
da ƙarfin da na zaci ya ƙare.
Huɗu.
Ya dube ni kamar wani ne ni daban.
Biyar.
"Rake ne," ya ce. "Rake ne a kafaɗarsa.
Hazon asuba ne ya mai da shi bindiga."
Shida.
Inna ta ce zafin ciwo ne, a yi masa salati.

A bakwai ta yi magana.

Dutse ya maimaita sau uku,
birai suka watse,
suri ya tofar da jar ƙasa,
ni kuwa ina tsaye, kunnena yana kiɗan kansa.

Sauran goman Jatau ya zare musu kai.
Na barbaɗa albarushin a kunyar Baba ta ƙarshe;
bana masarar wurin ta fi ni tsawo,
ban dai iya gasa ta ba.

Jiya Sa'adu ya tambaye ni,
"Wane irin mutum ne kakana?"
Na buɗe baki, ba abin da ya fito.
Bai tafi wasa ba.
Ya zauna a bakin tabarma yana kallona,
leɓɓansa suna motsi a hankali
kamar mai ƙirga.